Ban da Baƙi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baban yara da yaran gaba ɗaya. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ni lafiyata lau, ban da murar da ta kama ni kwanaki, ita ma ta sake ni. Aikin ɗakin magani yana nan yadda kika san shi, tsayuwa ce tun safe har ƙafa ta kumbura.

Wasiƙarki da Dogo direba ya kawo ta hana ni sukuni. Kin ce tun da aka sallamo Inna daga asibiti hannun da ya shanye ya fara motsi, ƙafar ma tana kai ta banɗaki, amma bakin da ya karkace bai koma ba, kuma wuni take yi a kwance tana kallon bango. Na san bangon nan, Yaya. Fari ne fat, ko ƙusa babu a jikinsa. Mai lafiya ma in ya wuni yana kallonsa sai jikinsa ya mutu.

Na gane dalilin da ya sa ba kya son mu yi zancenta a waya, tunda ɗakinta yana jikin falo, ciwon kuma bai taɓa kunnenta ba. To mu ci gaba da takardar, ai Dogo bai gaji ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Rannan ruwa ya tsare ni a hanyar dawowa daga aiki, na fake a ƙarƙashin wani bene inda masu gyaran waya suke. A lungun matattakalar akwai wani ɗan ɗaki da ban taɓa lura da shi ba, sai ga wata mata a ciki tana zane. Zanen bango nake nufi, ba na ɗaurawa ba, kafin ki ce Inna tana da su cike da akwati. Da hannunta take yi, da buroshi da fenti, a kan yadi mai kauri. Akwai na igiyar shanya da kaya kala-kala, akwai na wata shuɗiyar ƙofa da kyanwa a bakinta, akwai na tiren mai sayar da lemo. Ruwa ya ɗauke ban sani ba. Shagon da ke kusa da ita kuwa hotunan inji ake sayarwa, irin masu ruwa yana zubowa daga dutse ɗin nan da ke falon kowa, kuma can mutane suke tururuwa. Ita ko sallama ba a yi mata.

Na sayi wani ƙarami, jar buta a kan taga. Wallahi tun da na rataye shi nake ɗokin komawa ɗakina. Ina so Mai Zane ta yi wa Inna babba, na bangon nan. Ki tambayar min ita wane launi take so, wane ne kuma ba ta so.

Ƙanwarki,
Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna makaranta, Babansu yana amsawa. Ki riƙa ɗora ƙafar nan a kan filo in kin dawo, kullum sai na faɗa miki.

Jikin Inna da sauƙi ta wani wajen, ta wani wajen babu. Tana cin abinci, tana shan magani, tana dogara sanda ta zagaya ɗaki. Magana ce ta ƙi. Likita ya ce harshen ba zai sake ba sai tana amfani da shi, in ta ci gaba da yin shiru zai iya zama a haka. Ita kuwa daga "to" sai "a'a", su ma sai ta rufe baki da mayafi. In za ta sha ruwa sai na fita, saboda yana zubowa ta gefe.

Mai Kitso ta zo dubiya tun daga tsohuwar unguwarmu, mota biyu ta hau da wannan ƙafar tata. Inna na jin muryarta ta juya wa ƙofa baya ta yi kamar tana barci. Haka ta yi wa Gwaggo, haka ta yi wa Malama ta gidan kusa da mu na da. Ni ce nake tsayawa a falo ina ƙirƙiro uzuri har na gaji da ƙarya. Matar da a da ba a rufe ƙofar gidanta sai an yi sallar isha. Abin yana damuna ƙwarai, ba na dai faɗa ne.

Maganar zane kuma, ke dai ba kya rasa abin kashe wa kuɗi. Amma ban hana ba. Na auna bangon, ga zare nan a cikin ambulan, dogon shi ne faɗi, gajeren shi ne tsayi, kada ta wuce haka. Kuma ki ba ta abin da ta faɗa, kada ki taya. Ni mai ɗinkin labule ce, na san yadda ake ji in mutum ya zuba idonsa a aiki a zo ana yi masa cinikin tumatir.

Na tambayi Inna. Da farko ta yi banza da ni. Da na matsa sai ta ce a yi abin da aka ga dama, amma ban da baƙi. Dogo yana ta danna min hon a waje, bari in tsaya nan.

Yayarki


Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan Inna tana samun sauƙi, ku ma kuna lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, abokiyar aikina ce ta haihu, aikin mutum biyu ya dawo kaina. Ƙafa tana kan filo yanzu haka da nake rubutun nan, kada ki ce ba na jin magana.

Ga zanen nan tare da wasiƙar. Na naɗe shi da bargo, na ja wa Dogo kunne kada ya ɗora masa kaya.

Da na faɗa wa Mai Zane sharaɗin Inna, sai ta yi dariya. Ta ce tun da ta fara sana'ar ba wanda ya taɓa hana ta baƙin fenti. Ta ɗauko ɗan gwangwanin ta miƙa min, ta ce in tafi da shi kada hannunta ya manta ya kai kansa. Makonni ina yawo da shi a jaka tare da katin aiki. Ki duba da kyau, ko ɗigo babu. Gashin yara da shuɗi mai duhu ta yi shi, ƙwayar ido da ruwan ƙasa, inuwar bishiya da shunayya da kore. Ni da nake zuwa kullum bayan an tashi aiki ina kallo, ban san inuwa tana da launi ba sai a wajenta.

Ni na zaɓi abin da za a zana. Tsakar gidanmu na da ne da la'asar, da bishiyar gwaiba, da shuɗiyar ƙofar kicin, da tabarmi a shimfiɗe, kuma gida cike yadda yake cika. Ga Mai Kitso, ga Gwaggo da carbinta, ga Malama da jakarta a cinya, ga matan layi da goyonsu. Wasu na nuna mata hotonsu a waya, wasu kwatance na yi mata. Na ce tunda Inna ba ta ganinsu yanzu, bari su zo mata ta bango.

Inna ce kawai ba ta ciki. Mai Zane ta tambaye ni wace fuska za ta sa, ta da ko ta yanzu, hawaye kawai ya zo min. Sai ta ce a bar kujerarta a tsakiya, da mayafinta mai ruwan ɗorawa a kai, kamar ta ɗan shiga ɗaki ne za ta fito.

Ki rataye shi inda za ta gan shi daga gado. Ki gaya min abin da ta ce, kalma da kalma.

Auta


Auta,

Muna lafiya. Inna tana nan yadda take. Saƙo ya iso.

Baƙi, Auta. Mutane. Masu sallama a ce su shigo. Su Inna ta ce ba ta so, ba baƙin launi ba. A wasiƙar da na rubuta miki wannan magana, a cikinta na ba ki labarin yadda take juya wa mutane baya, amma kika tsallake duk wannan kika je kika kwaso min unguwa guda kika cusa a yadi. Duk wanda ta ƙi gani yana ciki, kuma duk sun zuba wa kujerarta ido. Ki ce min in rataye mata wannan a gaban gado, ta buɗe ido da su ta rufe da su?

Da a baki na faɗa miki da kin ji bambancin, na sani, a takarda duk ɗaya suke. Amma ai akwai hankali.

Allah Ya taimake ni a tsakar gida na kwance bargon, ba a ɗakinta ba. Na mayar na naɗe, na kai shago, na rataye shi bayan keken ɗinki. Na ce mata mai zanen ba ta gama ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ga wata ƙaryar kin ƙara min a kan waɗanda nake yi.

Yayarki


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da jiki, ina gaida mutan gida. Ni lafiya.

Na ɗauko waccan wasiƙar taki na sake karantawa har takardar ta yi laushi. Launi na tambaya, Yaya, shi ya sa launi na karanta. Ke ma da kin ƙara kalma ɗaya da ba a yi haka ba, amma Dogo yana danna hon. Ba gardama nake yi ba. Na yi kuskure, kuma ya yi min ciwo. Ke kina can kina wanka da wanki da ba da magani, ni abu ɗaya tak na ce bari in yi daga nesa, shi ma na ɓata.

Na je na faɗa wa Mai Zane. Ta daɗe tana goge buroshi ɗaya. Daga baya ta ce a dawo da shi, za ta shafe mutanen da fenti, ta bar tsakar gida da bishiya da kujera. Ta ce ba wuya, shafewa ta fi zanawa sauri. Na ga dai ranta bai so ba, don zana Gwaggo kaɗai ya ci mata kwanaki. Na mayar mata da gwangwaninta.

Ki ba Dogo shi in ya zo.

Auta


Yaya,

Gaisuwa. Dogo ya zo ya sake zuwa hannu rabbana, babu zane babu takarda. In na kira ki daga "da sauƙi" sai "sai anjima". In fushi kike yi da ni ki yi, amma ki gaya min gaskiyar jikin Inna. Hankalina ba a kwance yake ba, jiya saura kaɗan in ba wani mutum maganin da ba nasa ba.

Auta


Auta,

Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, kowa lafiya, Inna ma lafiya. Ki kula da aikinki kada ki jawo mana wata jinyar. Ba fushi ba ne. Wasiƙata ta baya ta yi zafi fiye da yadda ya kamata, gajiya ce, ki bar ta a haka. Shirun kuma jira nake yi in ga ko abin da ya faru zai tsaya, kada in rubuto miki murna in dawo in janye.

Da farko dai zanenki ya hana ni aiki a shago. Duk wadda ta zo zaɓen labule sai ta bar yadi ta tsaya kallon bango. Wata amarya ta kawo hoton falonta a waya, ta ce a ɗinka mata labule kalar ƙofar kicin ɗin nan, kuma ina ake samun irin zanen. Matar mai gidan burodi ta ce in sayar mata, na ce ba na sayarwa ba ne. Ni kaina, tunda ba kya gabana bari in faɗa, in na ɗago daga keke nakan daɗe ina kallonsa. Matar nan ta iya.

Da wasiƙarki ta zo na sauke shi, na naɗe da wani ragowar labule, na kawo gida na jingine a falo don Dogo ya ɗauka da safe. Dogo bai zo ba, motarsa ta lalace. Na tafi shago na manta da shi.

Kin san Inna da ganin yadi yana jan ƙasa. Ta fito da sandarta tana zagayen da likita ya ce, ta ga gefen labule a kan siminti, ta sa sanda ta ɗaga. Da na dawo da azahar na same ta zaune a kujerar falo, zanen a buɗe a gabanta. Na fara cewa kuskure aka yi, mayarwa za a yi, sai ta ɗaga min hannu.

Ta nuna da sanda ta ce, "Wannan Mai Kitso ce?"

Na ce ita ce.

Ta ce, "Ba nan take zama ba. Bakin ƙofa take zama, don ta ga mai shigowa ta samu na faɗa."

Auta, maganar a hankali take fita, wasu kalmomin sai na sa kunne sosai, amma tun da ta kwanta ban ji ta haɗa jimla mai tsawon wannan ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna. Can sai ta matso da fuska, ta duba gaban kowa, ta duba tabarma. Na ga ranta ya ɓaci.

Ta ce, "Haka kuka bar su? Ko ruwa?"

Na duba, wallahi gaskiyarta. Gida cike da mutane, babu kofi ko ɗaya a gaban kowa. Na ce, "Inna, ai hoto ne."

Ta ce, "Na san hoto ne, ba hankalina ne ya shanye ba. Gidana ne ko ba gidana ba?"

Na ce gidanta ne. Ta ce to a gidanta ba a taɓa yin wannan abin kunyar ba, kuma ba za a fara a bango ba, inda kowa zai gani. Na ce shi ke nan, dama za a mayar a shafe mutanen. Ta harare ni irin hararar da kika sani. Ta ce wato a bar su da ƙishi sannan a kore su. Babu inda za a kai shi, wadda ta zana ta zo nan ta gyara a gabanta, don in aka bar mu ni da ke wani shirmen za mu sake yi.

Na ce, "Inna, ita ma fa baƙuwa ce."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Har na tashi zan ɗora girki sai na ji ta ce, "Ai ita ta tara su. Ta zo."

Na bar maganar ta kwana biyu ko za ta canza. Ba ta canza ba, kullum sai ta tambaya ko na rubuta. To ga shi na rubuta. Ki tambayi Mai Zane ko za ta iya tahowa, ɗakin yara yana nan za ta sauka. In tana da ƙananan zane ta taho da su, akwai bango a shagona kuma akwai masu tambaya.

Yayarki


Yaya,

Alhamdu lillahi. Ina gaishe ku duka, Inna kuma ki ce mata Auta ta ji faɗan, ta karɓi laifi. A tsaye na karanta wasiƙarki a bakin tasha, ina dariya ina share hawaye, har Dogo ya tambaya ko rasuwa aka yi.

Na wuce kai tsaye wajen Mai Zane. Da na zo kan maganar ruwa sai ta dafe kai ta ce, "Kai, ni da na zauna ina lissafin inuwar ganye, ban ga wannan ba!" Ta ce Inna ta fi mu ido. Za ta taho. Ta ɗan damu don ba ta taɓa rufe ɗakin nan ta yi tafiya ba, sai mai gyaran waya na kusa da ita ya ce ta tafi, ai ba layi ake yi a ƙofarta ba. Ta jefe shi da tsumma.

Za ta biyo Dogo a tafiyarsa ta gaba, da akwatin fenti da ƙananan zane, har da na kyanwar nan. Ba ta da yawan magana, kada ki ɗauka girman kai ne. Farcenta kuma fenti ne ba datti ba, ki faɗa wa Inna tun da wuri.

Na nemi hutu an hana ni sai mai jego ta dawo. Raina ya sosu, don na so a ce ina wurin. Ki zama idona, kada ki taƙaita min labari yadda kika saba.

Auta


Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yara suna gaishe ki, Babansu ma. Jikin Inna alhamdu lillahi, likita ya ce harshen yana sakewa, ya tambaya me muka canza. Na ce masa abin faɗa ta samu.

Mai Zane ta iso lafiya. Ranar tun da safe Inna ta sa na yi mata wanka, ta ce in ciro mata mayafin nan mai ruwan ɗorawa daga ƙasan akwati. Da baƙuwar ta yi sallama na ga Inna ta ja mayafin har hanci, amma ta amsa. Na kawo ruwa zan zuba ta ce in ajiye. Da hannunta mai lafiya ta ɗaga jug ɗin, rabi a kofi rabi a tire, ta miƙa. Mai Zane ta karɓa da hannu biyu ta shanye tas, ba ta kalli tiren ba.

Aiki kuwa ta sha shi. An jingine zanen a ɗakin Inna, ita tana kan gado tana ba da umarni da sanda. Kofin Gwaggo na silba ne, ba ta shan ruwa a roba. Malama shayi take sha, ba sukari. A sa kwanon ruwa a gindin gwaiba saboda yara. In Mai Zane ba ta gane kalma ba sai ta ce, "Na'am, Inna?" ita kuma ta maimaita, ko sau nawa ne, don ba za ta yarda a sa wa mutum kofin da ba nasa ba.

Rigima ta tashi a kan hancin Mai Kitso. An mayar da ita bakin ƙofa, amma Inna ta ce hancin ba nata ba ne. Ta kwatanta, aka gyara, ta ce ya ƙara lalacewa. Aka sake, ta ce yanzu ta koma kamar mijinta. Daga ƙarshe ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ku kira ta kawai ta zo a gani!" Ban tsaya tambaya ba, na fita waje na kira. Washegari sai ga ta. Tana shiga ta fashe da kuka, Inna ta ce ta yi shiru ta zauna ta juya gefe, ana aiki. Gwaggo ta ji labari ta ce ita ma ba ta yarda da nata ba sai ta gani. Malama ta biyo ta. Yanzu kusan kullum da la'asar sai na ƙara shimfiɗa tabarma, sukari kuwa ba ya kwana.

Ƙananan zanen suna shago. Amaryar nan ta ɗauki na kyanwa, matar mai gidan burodi ta ba da aikin babba. Yanzu in na buɗe wa mace yadin labule sai in ɗora zane a gefensa ta gani. Mun yi da Mai Zane za ta riƙa aiko da sababbi ta hannun Dogo, farashi nata ne, ba ruwana da ragi.

Mai Zane ta so ta sa ki a cikin masu zama, tunda ta san fuskarki. Inna ta hana. Ta ce ke ba baƙuwa ba ce, a ƙofar kicin za a sa ki da tire a hannu, kuma ba za a zana ba sai kin zo kin ɗauka da kanki. An bar miki wurin.

Jiya aka zo kan kujera. Ɗakin cike, Mai Zane ta tambaya a hankali ko a bar kujerar yadda take da mayafin a kai. Ni da karambanina na ɗauko hoton Inna na bikinki na makaranta, na ce ga wannan a duba. Inna ta karɓa ta kalla, ta kife shi a kan gado. Ta ce waccan ba ita ce ta ba mutanen nan ruwa yau ba. Sai ta sa hannu ta sauke mayafin daga fuskarta, a gaban Mai Kitso da Gwaggo da kowa, ta gyara zama ta ce wa Mai Zane, "Zana abin da kika gani."

Ni na fita tsakar gida na yi kukana na wanke fuska na dawo. Da na dawo Mai Kitso tana ba da labarin rigimar wasu maƙwabta, Inna tana dariya da bakin nan a buɗe, Mai Zane tana cewa don Allah ta daina motsi.

Yau da safe Inna ta ga ina neman biro, ta ce in rubuta miki cewa an zana ta da bakinta da baƙinta. Ki duba da kyau, na farkon ba shi da lanƙwasa, na biyun na lanƙwasa shi sosai, kuma mutane nake nufi.

Ki sake neman hutun. Tiren yana nan a kicin.

Yayarki